Fitilar Birkin Motar Nuhu

Duk direban da ya taɓa kai wa Malam Halilu mai wayarin mota a Kaura Namoda zai gaya maka abu biyu: ya iya aiki, kuma yana da cin rai. Ƙwan fitila ɗaya sai ya riƙe ka daga hantsi har la'asar, yana bin waya da yatsa, kana tsaye kana tsaki, ko ɗago kai ba zai yi ba.

Mutumin Zurmi ne, ɗan manoma. Yana saurayi ya sauko Kaura dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, sai ya maƙale wa wani dattijo Bayarabe mai gyaran wutar motoci, ya shekara tara a ƙarƙashinsa. Bai yi boko ba, takardar zanen wayoyi kuwa in ka miƙa masa sai ya yi fifita da ita. Amma a cikin tsohuwar Fijo babu wayar da bai san inda ta fito da inda za ta ba. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: ƙwan gwaji mai waya biyu, filaya, sukudireba, da ɓallin madubi da yake jinginawa a bango don ya hango fitilun baya in ya taka birki. Mutanen garin ba su cika yabon mai sana'a ba, amma shi dai ko mai jin haushinsa wurinsa yake komawa.

A shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a Zamfara ne abin ya faru. Nuhu, ƙanin Yalwa matar Halilu, yana da Fijo 404 a-kori-kura wadda ta girme shi, da ita yake jigilar hatsi da dabbobi. Wata Alhamis ya ɗauko gero da raguna zai kai kasuwar Shinkafi, shanu suka ratso titi, ya danna birki. Wani ɗan kabu-kabu mai suna Sirajo, mutumin Birnin Tsaba, yana biye da shi, ya afka wa motar ta baya, ƙafarsa ta karye gida biyu.

Sirajo ya kai ƙara, ya ce fitilar birki ba ta kama ba. Nuhu ya ce ƙarya ne, da safen nan ma ya duba ta. Sirajo ba shi da shaida, don haka alƙali ya ɗora wa Nuhu rantsuwa, ya sa ranar Litinin.

Ran Asabar Nuhu ya shigo da motar rumfar Halilu yana fara'a.

"Yaya, duba min ita dai, in rantse hankalina kwance."

"Kai da anka ce ka san mota hiye da wanda ya ƙera ta, mi kaka so gare ni?"

Halilu ya jingina madubi, ya taka birki. Fitilu biyu suka kawo jawur. Ya sake takawa, suka sake kawowa. Ya duba fis, lafiya lau. Ya leƙa ɗan makunnin da ke ƙarƙashin birki, shi ma garau. Nuhu ya tafa hannu, har ya fara laluben makulli a aljihu.

Da wani mai wayarin ne, nan zai sallame shi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Halilu kuwa sai ya tsuguna a bayan motar yana duban bodinta.

"Rannan buhu nawa ka ɗauko?"

"Sha huɗu. Da raguna biyar."

"To ai ba wagga mota ta anka yi hatsari da ita ba. Wagga wayam take."

Suka tsallaka shagon wani mai hatsi, suka ari buhu goma sha huɗu. Su biyu suka yi ta dako, Nuhu yana mita, yana cewa tsufa ya fara taɓa mijin yayarsa. Da bodin ya zauna sosai, Halilu ya ce masa ya shiga ya taka, shi kuma ya tsaya a baya. Nuhu ya taka. Halilu ya zo ya karɓi birkin, ya ce wa Nuhu ya je ya gani da idonsa.

Babu wuta, ko ɗigo.

Halilu ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da ƙwan gwajinsa. Wuta tana zuwa har gindin fitila, hanyar komawarta ce ta yanke. Wutar mota dole ta koma ta jikin ƙarfe, a wannan kuwa noti ɗaya tak ya rage da ke haɗa bodi da ƙarfen gindin mota, sauran duk fitsarin raguna na shekara da shekaru ya cinye su da tsatsa. Ga kuma guntun tsohuwar taya da direbobin hanyar ke cusawa a ƙarƙashin bodi don ya daina ƙara. In babu kaya, notin yana taɓa ƙarfe, fitila ta kama. In an yi lodi, robar ta lotsa, notin ya saki. Nuhu kuwa kullum kafin lodi yake dubawa.

Halilu ya fito ya yi masa bayani dalla-dalla, ransa ba daɗi, don yana son Nuhu ƙwarai. Nuhu ya zauna a kan buhu.

"Yaya, wa ya sani ban da ni da kai?"

"Babu kowa."

"Ni dai na duba da sahe. Wannan gaskiya ta."

"Gaskiya ta. Amma ba ita anka ce ka rantse a kai ba."

Halilu ya yanko waya kamu ɗaya, ya kankare ƙarfe har ya yi fari, ya ɗaure ta daga fitila zuwa gindin mota. Aikin bai kai minti goma ba.

"Na gyara, don gobe kana bisa hanya, kuma akwai mutane bayanka. Ba ni zuwa in kai ka ƙara. In an tambaye ni kau, ba ni ɓoyewa. Sauran ya rage gare ka."

Nuhu ya tafi ko sallama babu. Da Yalwa ta ji labari, kwana biyu ba ta yi wa mijinta magana ba, sai dai ta dire masa tuwo ta juya. Da ta tashi magana sai ta ce an kawo masa mota ya duba fitila, wa ya aike shi aron buhuna? Halilu ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ran Litinin ya rufe rumfa ya tafi kotu, ya zauna can baya. An kawo Sirajo a kan tabarma, ƙafa ɗaure da karare. Nuhu ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani aka miƙo masa. Ya ɗaga hannu, ya tsaya, har maga-takarda ya ce masa ana jira.

"Allah shi gafarta Malam, ba ni iya rantsewa. Hitilar ba ta kama ba."

Alƙali ya dube shi, ya sa aka mayar da Alƙur'ani cikin gafaka, ya ce a nemo dattawan ɓangarorin biyu a zauna sulhu. Abin da aka tsayar ya yi wa Nuhu nauyi, daminar nan duk shi ya noma wa Sirajo gonarsa, tasa kuma ciyawa ta ci rabi.

Ranar a ƙofar kotu Nuhu ya tarar da Halilu yana neman takalminsa.

"Yaya, da ka bar ni na tahi ran Asabar, da yanzu na rantse."

"Na sani," in ji Halilu. "Shi ya sa ban bar ka ba."