Lado da Jirgin da Gishiri Ya Ci

Lado ɗan Yauri ne, Basarke, jikan masu jirgi. Ya ce min tun bai iya tafiya ba ya iya iyo. Ban yi gardama ba, don har yau tafiyar tasa ta agwagwa ce. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani dattijon Balarabe a Al Wukair, kusa da Doha, katanga ɗaya da gidan 'yata Ummukulthum, likita. Ni jego ya kawo ni na wata uku, korona ta rufe hanya, da aka buɗe kuma jikoki suka riƙe min zani.

Daga tagar bene nake hango farfajiyarsu. Akwai wani tsohon jirgin ruwa a ƙarƙashin tamfol, ɗan ƙarami mai inji, irin wanda ake ɗaura wa igiya ya ja mutum yana sulu bisa katako. Wasan masu ƙoshi. 'Ya'yan gidan sun girma sun manta da shi, dattijon ya ce a kai wa masu gwangwan. Lado ya roƙa a bar masa ya gwada. Dattijon ya yi dariya, ya ce in jirgin ya tashi har ya kai lokacin ƙwallon duniya da za a buga a ƙasar da rai, khalas, shi ke nan, Lado ya bar mota ya koma direban ruwa. In bai kai ba, jirgi ya tafi bola, shi ya tsufa a titi.

Lokacin kulle ne, mota ba ta fita. Lado ya cire allon gaban direba, dashbod suke ce masa, rana ta tsattsage shi kamar faso. A bayansa wayoyi sun cukurkuɗe kamar kitson da ya shekara, duk launinsu ya koɗe, ba ka gane ja da baƙi. Sai ya yi abin da ubansa ke yi wa taru. Ya samo zare, kowace waya ya bi ta da yatsa har inda ta ƙare, ya yi mata ƙulli: ɗaya na batir, biyu na fitila, uku na agogon mai, har goma sha huɗu. Ya yanka sabon allo, ya huda, ya zaunar da agogunan.

Da la'asar yakan ajiye aiki ya zauna cikin jirgin, hannu a sitiyari, ido a rufe. Iska na kaɗa tamfol, shi kuma yana ɗan lilo kamar ana ɗaga shi. Ya ce yana jin kogin Kwara na wucewa a ƙarƙashinsa, da ƙanshin kifi bisa banda, da muryar uwarsa daga tsallake. Na ce masa ni dai siminti nake gani da kashin tattabara. Amma na daina rufe tagar.

Da gari ya buɗe aka ja jirgin zuwa Al Wakrah. Ya tashi, ya yi gudu, aka ɗaure shi a can bakin teku. Lado har ƙiba ya fara. Wata biyar, agogon mai ya mutu. Sai na zafi, sai fitila. Da ya buɗe allon, wayoyin sun yi kore kamar gansakuka, yana taɓawa suna marmashewa.

Ya kwasa ya kai wa Yusif, wani ɗan Zangon Kumasi mai gyaran lantarki a wajen unguwar Asian Town. Yusif ya juya wayar, ya dube shi.

"Wayar mota ka sa wa teku, ɗan kogi? Ruwanku na sha ne. Wannan miya ce, gishirinta ya ji."

Ya nuna masa wata waya mai farin rufi kamar azurfa, wadda gishiri ba ya ci, da robar da ake ɗumamawa ta maƙale bakin haɗi. Saura wata uku a fara ƙwallo, zafi kuwa kamar gidan burodi. Abin da ya cece shi ƙullin nan ne, gishiri bai ci zare ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauyawa, bai ɓata ko guda ba.

Ranar da dattijon zai duba, garin ya cika da tutoci da mutane masu fenti a fuska. Lado ya ce sai na je, Ummukulthum ta kai ni da hantsi. Aka cusa ni cikin rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, na koma kamar kabewa. Lado ya yi bisimilla ya murza makulli. Alluran agogunan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kamar an ta da iƙama. Dattijon ya miƙa hannu ya karɓi makullin motarsa daga wurin Lado.

Muka fita har benayen Doha suka zama hayaƙi. Can Lado ya kashe inji. Ruwan ya kwanta, shuɗi, ina ganin inuwar jirgin a ƙasa tana tafiya ita kaɗai. Ya tsoma hannu ya ɗebo, ya kai baki, ya tofar.

"Inna, ba irin namu ba ne."

"To a mayar maka da motar?"

Ya sake tsoma hannu. Ya bar hannun a cikin ruwa, ya rufe ido, jirgin yana lilo da mu.