Ranar da Na Yi Murna da Aka Kore Ni

In ana hirar ranakun da suka zauna wa mutum a rai, wasu su kawo ranar aurensu, wasu ranar da aka ɗauke su aiki. Ni tawa ranar da aka kore ni ce daga cikin ordinater, wato kwamfuta, kuma ko tsufa ya kwashe mini komai ban jin zai kwashe wannan.

Lokacin ina aiki a wata ƙaramar ƙungiya nan Zinder, muna kai magani ƙananan likitocin ƙauye, wato asibitoci. Ni ke zaune a biro, wato ofis, mai yawon dajin kuwa taubashina ne, ɗan goggona. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har muka yi gemu ba a raba ta ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, goggo ta ce dukanmu ba mu da aikin yi.

Duk aikin maganin a cikin ordinater ɗaya yake, amma ba wadda za ka taɓa da hannu ba. Tana can cikin wata babbar na'ura da ake kira serber, a Yamai. Injiniyanmu na can ya yanka mana ita kamar yadda mai gida ke ware wa baƙo ɗaki. Daga duk inda kake, in dai akwai rezo, wato sabis na waya, sai ka buɗe taga a ordinater ɗinka, ka rubuta adireshi da suna da kod, wato kalmar sirri, fuskar waccan ta bayyana gabanka, ka yi aikinka kamar kana Yamai. Matsalar ɗaya ce: ɗakin kujera ɗaya gare shi. Suna ɗaya aka ba mu ni da taubashina, saboda haka duk wanda ya shiga, na ciki ya fita. Kana tsakiyar aiki sai fuskar ta ɗauke, wani ɗan rubutu na Faransanci ya fito yana sanar da kai wani ya shiga da sunanka.

To, ba wa taubashi irin wannan dama ai neman magana ne. Da gangan yake korata. In na koma sai in tarar ya canja hoton fuskar ordinater ya sa wani jaki mai dogayen kunnuwa da ya ɗauka a kasuwar Gouna, wai hotona ne na katin aiki. Ni kuma kullum in cire shi. Kod ɗin ma shi ya zaɓa, kuma zagina ne. Kullum da safe da yatsuna nake rubuta zagin kaina kafin in fara aiki. Har na kai ƙara wurin injiniya a raba mana suna, ya ce zai duba.

A tsakiyar damina ne, lokacin da zazzaɓin sauro ya yi yawa, taubashina ya ɗaure kwalin magani a bayan moto, wato babur, ya nufi ƙauyukan da ke gaba da Damagaram Takaya. Ranar aka yi wani ruwa da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Muka kira wayarsa, a kashe. Muka ce rezo ne, don an saba. Sai ga wani direban motar kasuwa ya zo biro yana murza hularsa, ya ce an ga moto a bakin wata ƙorama ruwa ya jefar da ita, da kwalin magani a fashe, amma ba a ga mai ita ba.

Maza suka tafi nema, ruwa ya tare su a hanya. Ni shugabarmu ta hana ni binsu, ta ce dole wani ya zauna kusa da wayar biro. A gidan goggo mutane suka fara shigowa suna magana ƙasa-ƙasa, wasu mata har da kawo tabarmi. Goggo ta ga abin ya fara kama da zaman makoki, ta yafa mayafinta ta taho biro. Kowace safiya nan take zuwa, ta zauna a baranda da carbinta. Ta ce daga nan ya tashi, nan labarinsa zai fara zuwa. Shugabarmu Kirista ce, takan fito ta zauna kusa da ita, kowace tana roƙon Allah yadda ta iya, suna riƙe da hannun juna. Ni kam kallonsu ma ba na iyawa.

Wata rana bayan azahar na shiga ordinater ɗin, ba don aiki ba, don dai hannuna ya sami abin yi. Ina kallon sunayen magunguna ban san me nake karantawa ba. Sai fuskar ta ɗauke, ɗan rubutun nan ya fito.

Na ja tsaki na ce, "Kai, wannan bawan!"

Bakina ya riga hankalina. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Na kira injiniya na tambaye shi ko shi ne ya shiga. Ya ce ba shi ba ne, yana ganin wani ya shigo daga waje da rezo mai rauni ƙwarai. Ya ce mai yiwuwa wani ne ya tsinci jakar taubashina, don haka gara ya yanke shi ya canja kod. Na roƙe shi kada ya taɓa komai. Na ce kod ɗin nan ba a rubuce yake ko'ina ba, mutum ba ya rubuta zagin da ya ƙirƙira da kansa. Ya ce to, amma ni ma kada in kuskura in shiga, don in na kore shi ba lalle rezonsa ya sake ɗauko shi ba.

Wannan shi ne abu mafi wuya da aka taɓa sa ni. Kod yana bakin yatsuna, amsar da muke nema tana bayan taga ɗaya, an ce in zauna. Na tura kujerata baya, na tusa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina kamar ɗan makaranta.

Goggo ta ji muryata ta leƙo. Ta tambaye ni lafiya. Na rasa ta inda zan fara yi wa tsohuwa bayanin serber, kuma ina tsoron in sa mata rai a banza.

Na ce, "Goggo, korata aka yi daga ɗakin aikinmu. Mu biyu kaɗai ke da makullin."

Ta dube ni, ta dubi ordinater. Ba ta tambayi ina ɗakin yake ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ɗora hannunta a gwiwata.

Ta ce, "To ka bar masa ɗakin, ɗana. Kai ka tsaya waje."

Haka muka zauna mu uku da shugabarmu, muna kallon fuskar da ba komai a kanta. Ban san tsawon zaman ba, na dai san rigata ta jiƙe da gumi. Can waya ta yi ƙara, injiniya ya ce mutumin ya fita, in shiga. Sai da na yi kuskuren kod, na sake.

Abin da ya fara bayyana kunnuwa ne. Jakin kasuwar Gouna ne ya cika fuskar ordinater yana kallona. Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, na kasa tsayar da ko ɗaya. Goggo tana ta tambayata me jaki yake yi a nan, ni kuwa cewa kawai nake, shi ne, goggo, wallahi shi ne. A gefe ya bar ɗan rubutu: "Bawa, na tashi daga kujera, zauna. Ina da rai. Gaya wa Inna." Ƙarƙashi ga sunan ƙauye da lambar majo, wato malamin likitar wurin.

Da muka kira, goggo ta karɓi wayar. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye shi ko ya ci abinci. Daga baya muka ji sauran labarin. Manoma ne suka tsamo shi da karayar ƙafa, suka kai shi likita a amalanke. Wayarsa ta bi ruwa, rezon yankin ya ɗauke tun ranar hadarin, sai ranar ya dawo. Kuma kamar yawancinmu yanzu, ba lambar kowa a kansa, ko ta uwarsa. Abin da ya rage masa a ka shi ne adireshin ɗakinmu da zagin da ya yi mini. Shi ya sa ya ari ordinater ɗin majo ya shiga. Saƙon da majo ya aika ta hanyar hukuma bai iso mu ba sai washegari.

Bayan ya warke injiniya ya kira ni ya ce ya sami lokaci, zai raba mana suna kowa da nasa. Na ce ya bari. Muka ci gaba da korar juna har muka bar aikin, kuma ban sake cire jakin ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ɗan'uwan da ke damunka yana katse maka aiki, damuwar tasa ita ce shaidar yana nan. Yanzu in wani nawa ya shigo mini ba sallama ina tsakiyar abu, nakan ja tsaki kamar kowa, amma a raina ina gode wa Allah da ya bar mini wanda zai kore ni.