Ranar da aka tambayi Gwaggo Hajo kashenta

"Hajiya, ina kashenki?"

Haka ma'aikacin biro, wato ofis, ya tambayi gwaggota Hajo jiya, a babban kamfanin da ke gyaran hanyar Korahane. Sun kira ƙananan 'yan kasuwa za su ba su kwangila, ita kuma naman awaki take so ta riƙa kawo wa leburorinsu. Ni na raka ta saboda Faransanci.

Gwaggo ta gyara lulluɓi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, mu Musulmi ne. Yankawa muke, ba mu kashewa. In mushe kuke ci, ku nemi wani."

Ta ja hannuna mu tafi, ga wani mahauci a bayanmu har ya fara murmushi, yana ganin kwangilar ta zama tasa.

Na ce, "Gwaggo, hatimin takarda yake nufi. Shi suke ce wa kashe da Faransanci."

"To ba shi da bakin cewa hatimi?"

Mai kamfanin, da ke gefe yana jin mu, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ta dangwala yatsa kawai, wadda ta ƙi kwangila saboda mushe ita zai ba amanar tukunyarsa.

Ku fa, wace kalmar biro ta taɓa kusa raba ku da abincinku?