Anti Talatu, wadda ta ci da Bature tuwo a Whitechapel

Anti Talatu ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a Stratford ina jiran tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, zan tafi aiki. 'Yarta Nabila ce ta kira. Da dariyata ma na ɗauka, don na zaci aike ne. Anti ba ta taɓa riƙe waya da caji ba, kullum ta wayar Nabila take nemana. Sai na ji yadda muryar yarinyar take rawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti ta idar da sallar asuba, ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi. Kafin a isa asibiti da ita rai ya yi halinsa.

Na koma gida, na yi kuka har na gaji. Amma tun da na zauna rubuta wannan, duk abin da na tuno sai in ji dariya ta kuɓuce min. Ku yi min uzuri. Haka matar take, ba a iya tuna ta da fuska a murtuke.

Ga wanda bai san ta ba, Hajiya Talatu nas ce a ɓangaren masu fama da shaye-shaye, a wani asibiti nan gabashin London. A ƙarƙashinta na fara aiki da na zo ƙasar nan.

Ranar farko na shiga ward, wato ɗakin marasa lafiya, na haddace duk Turancin da zan yi. Ta dubi sunana a ƙirjina, ta ce da Hausa a gaban kowa, "Safiya, 'yar ina?"

Na ce Kano.

Ta ce, "To kin karya kuwa?"

Iyakar tambayar da ta yi min ke nan.

Lokacin da zan je Croydon sabunta takarduna, fargaba ta hana ni sakat. Ban roƙe ta ba, sai kawai ta yi musayar lokacin aiki da wata, ta biyo ni da flas ɗin kunun gyaɗa. A cikin jirgi tana zuba min tana cewa, "Sha. Ai ba yanka ki za su yi ba, hoton yatsunki kawai za su ɗauka su ba ki abinki."

Yarana suna jin Hausa sarai, amma da Turanci suke amsawa. Ita ce ta kafa musu doka: wanda ya gaishe ta da Hausa shi ke da cincin. Ƙaramin ya taɓa durƙusawa da la'asar sakaliya ya ce mata, "Ina kwana." Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Lafiya lau, Alhaji, ya kwanan iyali?" Ta cika masa aljihu.

Amma abin da na fi so ku sani shi ne maganar wani gidan mata a Kano.

Duk shekara in ta ɗauki hutu, mu muna tunanin inda za mu miƙe ƙafa, ita Kano take tafiya. Ita da wasu ƙawayenta sun buɗe wani gida da ake kula da matan da maganin tari da ƙwayoyi suka kama. Akwai matan aure, akwai 'yan makaranta, yawancinsu waɗanda dangi ke ɓoyewa a ɗaki saboda kunya. Da aljihunsu suka fara. Daga baya gidan ya shiga wani shiri na ƙasa da ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, kuma kason da yake isa gare su daga wata 'yar mitsitsiyar ƙasa a Turai yake fitowa.

Anti takan ce ranar da ta fara neman ƙasar a taswira har gilashi ta saka ba ta gan ta ba. "Sai da na ɗaga yatsana, ashe danne ta na yi."

To ana nan sai labari ya zo cewa ƙasar za ta sake duba inda tallafinta yake zuwa. Ana rade-radin za a karkata shi ga tashoshin jiragen ruwa da horar da jami'an kan iyaka. Abu ne mai kyau, ba wanda ya musa. Amma in aka yi haka, ma'aikatan gidan ba albashi, magani ba kuɗi, sai dai a sallami matan kowacce ta koma inda ta fito, wasu a tsakiyar jinya.

Makon nan ne kaɗai na taɓa ganin Anti tana cin abinci a staff room, ɗakin hutun ma'aikata, ba ta tsokani kowa ba.

Sai ta ji cewa jami'in da ke kula da tallafin zai zo wani taro a London. Ta bi ta nan, ta bi ta can, har ta samu aka ware mata ɗan lokaci ta gan shi. Ta ce in raka ta. Muka goge kaya, muka isa da wuri, muka zauna a kujerun jira kamar masu neman aure.

Can sai ga sakatariyar taron tana ba da haƙuri. Zaman ya ja, an soke duk ganawar da aka shirya, kuma jibi zai koma ƙasarsu.

Ni har na rataya jakata.

Anti ta dubi matar ta ce, "Shi mutumin nan yana cin abinci kuwa?"

Matar ta ce, "Abinci kuma?"

"Ki gaya masa gobe Asabar akwai abincin rana a gidana, a Whitechapel. Ga adireshi. Ba taro ba ne, abinci ne."

A cikin tube na ce, "Anti, wallahi ba zai zo ba."

Ta ce, "In bai zo ba mu cinye abinmu. Ke dai ki zo da wuri ki tuƙa min tuwo, hannuna ciwo yake."

Jama'a, ya zo.

Wani dogon mutum mai furfura, sai da ya sunkuya ya shigo ƙofar flat ɗin, da lema a hannu ɗaya, furanni a ɗayan. Ya ga takalmanmu a bakin ƙofa, shi ma ya tuɓe nasa, ga safarsa ta huje a babban yatsa. Nan take Anti ta raɗa masa suna Malam Dogo, kuma da sunan ta ci gaba da kiransa.

Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ga man shanu, ga yaji a gefe. An ba shi cokali. Ya kalli yadda muke yi, ya ajiye cokalin ya wanke hannu. Nabila ta gargaɗe shi a kan yajin, ya ce ai shi yana son abu mai zafi, ya barbaɗa son ransa.

Loma biyu, mutum ya koma jawur har kunnuwa. Hawaye, tari, Nabila ta ruga ɗauko madara.

Anti ta ce, "Ku bar shi, yanzu ya zama ɗan gida."

Har aka gama ci ba ta ce uffan a kan tallafi ba. Ina ta yi mata ido, ita kuwa tana ta tambayarsa sanyin ƙasarsu da ko suna da shanu. Sai da aka kawo shayi ta karɓi wayar Nabila, ta jingina ta da butar shayin, ta yi video call zuwa Kano.

Tsakar gidan ta bayyana. Kekunan ɗinki a inuwa, wata tana suyar awara, wasu suna ta turereniya a gan su. A gaba akwai Jummai, wadda a ranar da aka kawo ta gidan 'yan'uwanta ne suka ɗauko ta ranga-ranga, yanzu kuma ita ce ke karɓar sababbin zuwa. Ni ce tafinta.

Jummai ta tambaye shi girman ƙasarsu. Ya ce in ka shiga mota bayan karin kumallo, kafin azahar ka fita ta ɗaya gefen, har da tsayawa shan shayi. Da na fassara, tsakar gidan ta kwashe da dariya.

Sai Jummai ta gyara mayafi ta ce, "To ku da kuke 'yan kaɗan haka, me ya haɗa ku da mu? Ko sunan unguwarmu ba ku iya faɗa ba."

Na shiga neman yadda zan sassauta maganar.

Anti ta zungure ni. "Gaya masa yadda ta faɗa."

Na gaya masa.

Ya ajiye kofinsa. Ya ce ƙaramar ƙasa ba ta da ƙarfin tsare hanyoyin duniya ita kaɗai, sai dai ta sa hannu a taru a yi. Ƙwayar da ke ratsa garuruwanmu tana isa nasu, masu safarar kuma irin ƙasarsu suke nema su ɓoye dukiyarsu. Ya ce wannan amsar ofis ce. Tasa amsar kuwa, yana da ƙane guda ɗaya, ƙwaya ce ta yi ajalinsa, kuma a lokacin ba wanda ya san inda za a kai shi ba tare da an tozarta shi ba.

Da na fassara, har mai suyar awara ta ajiye matsami.

Jummai ta ce, "Allah sarki. Ki ce masa muna yi masa gaisuwa." Sai matan suka riƙa matsowa kusa da wayar ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana cewa, "Sannu da haƙuri, Malam."

Ya ciro hankici ya goge ido, ya ce har yanzu yajin ne.

Anti ta ce, "Ƙwarai kuwa, yajin ne."

Kada ku ɗauka daga nan shi ke nan. Mutumin ya yi tambayoyi masu zafi. Ya ce duk wadda aka sallama ta rabu da abin ke nan? Anti ta ce a'a, wasu suna komawa ruwa, kuma in sun dawo ana buɗe musu ƙofa, ba a yi musu gori. Shi ma bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai kwamiti, abin da zai iya kawai shi ne ya faɗi abin da ya gani. Ya tafi da ƙullin dambun nama, Anti tana jaddada masa ya ɗinke safarsa.

Watanni muka yi ba labari.

Ranar da amsar ta zo muna kan aiki. Za a ci gaba da tallafin. Bai kai yadda aka so ba, kuma an ɗora musu sharaɗin horar da ƙarin ma'aikata, amma ba za a rufe gidan ba. Anti ta karanta a staff room, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Manajanmu ya shigo a guje ya zaci wani abin ne ya faru. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, a garinmu haka ake cewa an gode.

Gidan yana nan a buɗe har yau.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Whitechapel ne, Asabar ɗin da ta wuce waccan. Na hango ta tana ciniki da wani mai akwatuna, shi yana nuna mata farashin da aka liƙa, ita tana ce masa wannan ai ra'ayinsa ne. Wani ƙaton akwati take so, irin wanda mutum zai iya shiga ya zauna.

Na ce, "Anti, wannan kuma na ina ne?"

Ta ce ta kusa ritaya, gida za ta koma gaba ɗaya. "In samu kujerata a inuwa, in riƙa ba da umarni, a riƙa kawo min fura."

Na ce, "Mu kuma ki bar mu da wa?"

"Da ke mana. Kin zaci har yanzu ke sabuwar zuwa ce?" Ta ce akwai wata nas 'yar Jos da aka kawo ward ɗinmu, ta ji ko bargon kirki yarinyar ba ta da shi, ga sanyi yana tahowa. "Ki je ki gan ta. Kada ki kira a waya, ki je da ƙafarki."

Na ce to. Washegari kuwa na je.

Ta saya min mangwaro, ta gyara min ɗaurin ɗankwalina da ta ce ya karkace, ta ja akwatinta fanko ta nufi tasha yana ta ƙara a kan titi, mutane suna ba ta hanya. Ta ɗaga min hannu ba ta ko waiwayo ba.

Ban sake ganinta ba.

Ya Allah ka jiƙan Hajiya Talatu, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka makwancinta, ka sa ta huta. Yadda ta rufa asirin bayinka a lokacin da kowa ke gudunsu, ka rufa nata. Ka ba Nabila da 'yan'uwanta haƙurin wannan rashi.

Da zarar an tsayar da lokacin jana'iza zan sanar a nan.

Ina roƙon duk wanda ya karanta, ko ya san ta ko bai san ta ba, ya ajiye waya ya yi mata addu'a tukuna. Ku haɗa da matan gidan nan na Kano. Yanzu haka ake tara su a tsakar gida za a gaya musu.