Tikitin da Buba Yake Saya Mini

Shekara bakwai ke nan, a wannan watan, da muka kai Buba Ja'e makwancinsa a Godogodo. Ni Kirista ne, don haka ban shiga sahun sallar gawa ba. Na tsaya gefe tare da direbanmu Iliya har aka idar, sannan muka bi su maƙabarta. Tun lokacin, duk shekara nake cewa zan rubuta wani abu a kansa, duk shekara kuma sai in sami dalilin fasawa. Na ƙware wajen samun dalili, kamar yadda za ku gani.

Buba Bafulatani ne, cikin waɗanda suka zauna suka kama noma. Masara da doya yake yi, 'yan shanunsa kuma suna hannun ƙaninsa Sale. Ni malamin firamare ne daga Kagoro, na koyar a ƙauyuka da dama kafin in yi ritaya. Ƙwallo ce ta haɗa mu. Ƙungiyar yankinmu ta Kafanchan ba wata babba ba ce, hawan jinin da ta ba mu ma ya fi murnar yawa, amma duk inda za ta buga wasan waje muna biye da ita a bas ɗin Iliya, da ganguna biyu da wata tsohuwar bigila.

Buba yana da ra'ayi a kan kuɗin tikiti, kuma ba ya gajiya da maimaita shi. A wurinsa tikiti kada ya wuce kuɗin mudun masara, in ya wuce an kori manomi daga fili ke nan. Baƙon da ya riga ya ƙona mai ya zo, rabi ya kamata ya biya, ba a tsuga masa kuɗi kuma a tura shi ɓangaren rana ba. Amma duk da haka ya tsani shiga kyauta. In wani mai neman ƙuri'a ya sa an buɗe ƙofa, Buba sai ya yi ta tsaki. Dokarsa ita ce kowa ya saya da kuɗinsa, domin wanda bai biya ba, ba shi da bakin zagin ɗan wasa. "Ka biya, ka zaga," haka yake cewa. Shi kuwa yana morar kuɗinsa sosai, don masu tsaron gidanmu sun san muryarsa fiye da ta kocinsu.

Da tashe-tashen hankula suka yi yawa a yankinmu, hanya ta canza. Matasa sukan gitta itace a bakin ƙauyensu su leƙa kowace mota, su ga su wane ne a ciki. Motarmu kuwa haɗin gambiza ce. Sai muka fito da dabara. In za mu shiga ƙauyen Kiristoci, ni nake zama gaba a bakin taga, Buba ya cire hula ya koma tsakiya wajen ganguna. Da wuya a rasa wanda na taɓa koyarwa cikin masu shingen, da an ce "A'a, Ticha ne," sai a janye itace. In kuma mun doshi garin Musulmi ko kusa da ruga, Buba ya dawo gaba da hularsa, ya yi musu Fillanci. Iliya ya san inda ake musanyar, yakan taka birki ya yi ihu, "Canji!" kamar alƙalin wasa, mota ta kwashe da dariya. Muna dariya, amma kowa ya san abin da kujerar nan take tsare masa.

Wata shekara aka ƙona gidan ƙanina a ƙauye. Ba a rasa rai ba, amma bai fita da komai ba. Ranar Lahadi bayan sujada, wani dattijo ya tare ni a ƙofar majami'a ya ce, "Ticha, har yanzu kana rakiyan Fulani naka?" Maganar ta zauna mini. A makon nan kuma labari ya zo cewa garin da za mu je ranar Asabar sun ninka wa baƙi kuɗin shiga.

Na kama wannan da hannu biyu. A taronmu na magoya baya na tashi na yi dogon jawabi a kan zalunci da talaka da mudun masara, duk da kalmomin Buba. Na ce ni dai ba zan je ba, tikitin ya fi ƙarfina. Har tafi aka yi mini. Buba ya dube ni ya ce, yara za su buga ko mun je ko ba mu je ba, gara su ji ganga. Aka watse a kan mai zuwa ya zo.

Ranar Asabar ina zaune a tsakar gida, matata Saratu ta ce, "Baban Ladi, mota ya tafi fa. Wa zai zauna a gaba?" Na ce mata ai akwai mutane.

Ashe babu wanda masu shinge suka sani a motar. A wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, matasa suka tsayar da motar, suka fasa ganga ɗaya, suka sauke Buba, mutum mai furfura, suka zaunar da shi a ƙasa cikin rana. Wani ya kwaɗa masa mari a kunnen hagu. Wata tsohuwa mai sayar da doya ce ta shiga tsakani da faɗa har aka sake su, Iliya ya juya mota gida. Kunnen nan bai ƙara ji da kyau ba. Daga baya na samu labarin biyu cikin yaran na koya musu karatu a aji uku.

Ban je gaishe shi ba, kunya ta hana ni. Bayan mako uku sai ga shi a kan babur har Kagoro, da auduga a kunne. Ya sha ruwa, ya tambayi ƙanina, ya ce ya sa a kai masa buhun masara. Da zai tafi ya ce, "Ticha, Asabar akwai wasa. Tunda tikiti ya yi maka tsada, bar mini wannan. Kai dai ka zo ka zauna a kujerarka."

Na je. Daga ranar har ya rasu, shekara huɗu, ban sake sayen tikiti ba. Ko na rigaye shi layi, sai ya miƙa hannu ta kan kafaɗata ya biya na mutum biyu. A fili kuma yakan zaunar da ni a damansa, ɓangaren kunnen da ke ji. Bai taɓa tada maganar ba. Ni kuma, bisa dokarsa, na rasa bakin zagi. Ɗan wasa zai zubar da ƙwallo shi da raga, Buba ya miƙe yana surfa masa zagi, ni ina zaune shiru kamar baƙo. Har yau ban iya rabewa ba ko rufa mini asiri ya yi ko hukunta ni. Saratu ta ce, "Mutumin nan ya sani. Kai ne kawai kana tunani bai sani ba."

Bayan rasuwarsa tafiye-tafiyen suka mutu. Yau in ka tambayi matasan Kafanchan me ya sa ba sa bin ƙungiya, za su ce maka kuɗin mota da tikiti da abincin hanya sun fi ƙarfin mai acaba, gara su biya kaɗan a gidan kallo su ga Turawa. Gaskiya suke faɗa, kuma da Buba na nan da shi zai fi kowa ɗaga murya. Ina jin zai ce wa masu filaye su rage wa baƙi, domin wasa ba ya daɗi in ganga ɓangare ɗaya take tashi. Amma na san kuma zai kalli mai ƙorafin ya ɗan jima, don ya gane ko aljihunsa ne ba ya so ya je, ko shi ne. A kaina ya koyi wannan kallon.

Watan jiya Sale ya kira ni. Ya ce Iliya ya gyara bas, wasu suna so a gwada, amma babu mai zama a taga. Gwiwoyina sun lalace, ɗalibaina ma yanzu 'ya'yansu ne a bakin hanya, na kuma ji dalilai sun fara taruwa mini a baki. Na haɗiye su na ce ina zuwa. Mun tafi Asabar ɗin da ta wuce. A wata gada da muka saba musanya, Iliya ya taka birki ya ce "Canji!" da murya ta tsufa, Sale ya gyara hula ya zo gaba, na koma baya. Wannan dai Buba ya bar mana, kuma yana aiki.

A ƙofar fili na sayi tikiti da kuɗina. An ci mu biyu da nema, mai tsaron gidanmu ya yi abin da ya cancanci zagi, ga shi na biya, amma ban zage shi ba. Wata magana ce take bakina, wadda ya kamata in faɗa a tsakar gidana ranar da ya zo da auduga a kunne. Buba, tikitin nan bai yi mini tsada ba. Kuɗin suna cikin aljihuna ranar.