Ranar da Na Rufe Shafin Yaya

Yayana malamin gona ne, kuma ya yi shekara shida yana zuba abin da ya sani a wani shafin intanet da ya buɗe da kansa, irin wanda ake kira bulog. Da Hausa yake rubutu, kamar yadda yake magana: lokacin sa wa masara taki na biyu, yadda ake gane tsutsa tun ba ta ci zuciyar shuka ba, abin da ke sa rake ya yi ja a ciki. Da ciwo ya kwantar da shi, ya rubuta min kalmar sirrin shiga a bayan katin asibiti, ya ce in riƙa leƙawa. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, don ba na son jin amsar. Ya rasu ana gab da faɗuwar damina.

Ni aikin buga takardu nake yi a wani ofis a Makarfi, saboda haka a danginmu ni ce gwanar kwamfuta. Gaskiyar magana gwanintar ba ta wuce bugu da adana takarda ba. Kuma ina da hali guda, ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Duk sanda na shiga shafin sai in ga wani jan ɗigo a sama yana cewa akwai abubuwan da ke jiran sabuntawa. Wata biyu yana tsone min ido. Ran nan ina dawowa daga suna a Ikara, a matse a bayan mota da buhun barkono a kan ƙafata, na ce yau dai zan rabu da shi. Na ciro waya, na zaɓi duka na danna. Ko gari ba mu gama fita ba sabis ya ɗauke.

Da na iso gida na buɗe, sai farin shafi fetal da layi ɗaya na Turanci, wai ana ɗan gyara, a dawo bayan minti ɗaya. Na ba shi mintinsa. Na yi la'asar na dawo, yana nan. Washegari ma haka, kuma har ƙofar da nake shiga da kalmar sirri wannan layin take nuna min. Ga shi kuwa rubutun Yaya ba shi da kwafi a ko'ina. Kwamfutar da yake aiki da ita ta ofishinsu ce, an mayar tun kafin sadakar bakwai. Idan shafin ya tafi, aikin shekara shida ya tafi, kuma da yatsana.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. A lokacin hutun ofis na yi ta bincike a waya har na fahimci abin. Ashe idan shafi zai sabunta kansa, yakan ajiye wani ɗan fayil da ke tare masu shigowa, kamar yadda mai shago ke gitta benci a ƙofa in zai yi shara. In ya gama sai ya ɗauke. Nawa sabis ya yanke ana tsakiyar aiki, fayil ɗin ya zauna. Maganin kawai a shiga wurin kamfanin da ke ajiye shafin a goge shi. Na gwada kalmar sirrin nan a can, ta yi. Sai suka ce sun tura lambar tabbatarwa zuwa layin mai shafin.

Layin yana cikin wayar Yaya, wayar tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin matarsa a Kudan, makullin kuma yana aljihun Baffa, ƙanin mahaifinmu. Shi ya tattara kayan mamacin ya kulle, ya ce ko allura ba za a taɓa ba sai matar ta fita takaba an raba gado.

Ranar Asabar na hau mota da kwamfutar da na aro a ofis. Na sami Baffa a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da aiki da ruwan Makarfi, ni kuwa ina amsawa zuciyata tana kan akwati. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ko ɗagowa bai yi ba.

“Ɗiyata, kayan marayu ne. Ba ni da ikon ba ki aro.”

“Baffa, ba aro ba ne. Kunnawa kawai za a yi, saƙo ya shigo, a kashe.”

“Yau ke ce da saƙo, gobe wani ya zo ya ce babur ɗin mamacin yake so ya kai mara lafiya. A ina zan tsaya?”

Raina ya ɓaci, na ce masa waya ai ba ta ƙarewa don an kunna ta. Ya dube ni irin duban da ya sa na tuna a gaban wa nake. Na san ba mugunta ba ce, tsoron Allah ne, amma a lokacin ji nake kamar in ɗauki tabarya in fasa kwaɗon.

Matar Yaya ce ta yi magana daga bayan labule. Tun rasuwar ban ji ta haɗa jimla biyu ba.

“Baffa, a yi min haƙuri in sa baki. Rubutun nan ma ai na yaran ne. Ƙaramin bai san uban ba, a nan zai ji yadda yake magana. In ya lalace muna kallo, mun kula da kayan marayu ke nan?”

Baffa ya daɗe yana juya ƙotar a hannunsa. Sannan ya ce za a kunna, amma a gabansa, kuma ban da saƙon nan ba zan buɗe komai ba.

Wayar ta mutu murus, sai da na jona ta da abin cajina muka zauna jira. Da ta kawo, matar Yaya ta karɓa ta buɗe da lambar da ta sani, ta miƙo min ba tare da ta kalli hoton da ke fuskar wayar ba. Na sake neman lambar tabbatarwa, ta shigo, na shiga. Fayiloli ne jere masu sunaye barkatai, wanda nake nema kuma babu shi. Na yi sama na yi ƙasa kafin na tuna an ce ɓoyayye ne, sai an danna wurin nuna ɓoyayyu. Na danna, sai ga shi a can sama, ɗan mitsitsi. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata zan goge. Ban tabbata ba ko kaɗan, kuma gaskiya na ji tsoro, don danna abu ne ya kawo ni nan. Na karanta sunan sau uku, na yi bisimilla, na goge.

Na sake buɗe shafin. Ya ɗan yi jinkiri, sannan hoton gonar rake ya sauko, rubutu ya biyo baya, har na ƙarshen da ya yi kan tsutsar masara. Na juya wa Baffa kwamfutar, ya leƙa, ya ce, “To, alhamdu lillahi. Kashe wayar.”

Ina laluben maɓallin kashewa wayar ta yi ƙara a hannuna. Baƙuwar lamba ce. Muka dubi juna, Baffa ya yi min alama in ɗauka. Muryar dattijo ce, ya ce daga wani ƙauye yake can bayan Gaya, ɗansa ke karanta masa shafin, kuma kwana huɗu yana neman Malam layi ba ya shiga, shafi ba ya buɗuwa, ga tsutsa ta faɗa masa masara. Ya ce in ba shi Malam.

Na gaya masa Malam ya rasu. Ya yi salati. Sai ya yi mana ta'aziyya, ya ce shi bai taɓa ganin Malam ba, amma damina huɗu da maganarsa yake noma. Sannan ya ce, “To, baiwar Allah, yanzu yaya zan yi da masarar?”

Na maimaita wa Baffa tambayar. Baffa ya matso da tabarmarsa kusa da kwamfutar, ya nuna rubutun da yatsa.

“Karanta masa,” ya ce. “A hankali, yadda zai riƙe.”