Ranar da Na Zauna a Ƙasa Gaban Baƙi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Ina tsoron wani ya gane ni, ina kuma tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan wani. Amma abin ya ƙi barin zuciyata, kuma na san har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Karatuna iyakarsa firamare. Na girma ina sayar da albasa a rumfar kawuna a kasuwar Argungu, kuma ban taɓa iya ciniki ba. Hayaniya tana shiga kaina kamar ana soka mini ƙaya, ba na iya kallon idon mai saye, in ya tambaye ni kuwa sai in nuna masa buhun da ya fara ruɓa. Wasu suna cewa miskilanci ne, wasu su ce iska ce. Sai da na manyanta sannan 'yata, ma'aikaciyar asibiti, ta ce abin yana da suna, wai otizim.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ana ta ɗaukar ma'aikata, kawu ya yi ta zirga-zirga har ya samo mini aikin kula da laburare a wata makaranta a Birnin Kebbi, na gwaji tukuna. Lokacin ina da mata da 'ya'ya. Ya ce, "Wanga shi ne na ƙarshe. In ka ɓata shi, ban san inda za ni kai ka ba."

Na so aikin nan ƙwarai. Ɗakin shiru, kowane littafi da wurinsa, kuma sanin hakan yana kwantar mini da hankali yadda ban iya bayyanawa.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo duba makaranta ranar Litinin. Na yi hutun ƙarshen mako a Argungu, muka taho tare da kawu, ya sha babbar riga don ya gan ni a bakin aiki. Ina buɗe ƙofa na ga malamai sun yi wa ɗakin kwalliya. Sun jera dogayen littattafai a gaba, masu launi ɗaya wuri ɗaya, tsofaffin kuma an zuba su a kwali. Babu littafin da ke inda na bar shi. Ga janareta a gindin taga, ga lasifika a bakin ƙofa tana ƙara.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma baƙin suna shigowa na kasa jurewa. Na zauna a ƙasa, na toshe kunnuwa, ina kaɗa jiki gaba da baya ina gurnani, ni magidanci. Ina jin ɗalibai suna dariya ta taga.

Shugaban makaranta ya ce, "Malam, tashi! Mi as same ka?"

Kawu ya sunkuyo ya ce, "Don girman Allah ka tashi. Gaban mutane muke."

Sai wani dattijo daga cikin baƙin ya ce, "A kashe wanga inji. Kowa shi hita." Ya cire takalmi ya zauna a siminti da farar rigarsa. Bai taɓa ni ba, bai kalle ni ba. Can da numfashina ya daidaita, ya ce, "Ina da ɗa irinka. In an matsar mishi da tabarma daga wurinta, ranar ba shi cin tuwo." Sannan ya jawo kwali ya ce, "Wanne za mu fara maidawa?"

Muka gyara kantar littattafai ɗaya tare. Ban san abin da ya gaya wa shugaban ba, amma ba a kore ni ba. A ɗakin na yi ritaya. Kawu kuwa har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara iya cin abinci a gabansa ba.

Ranar ta koya mini cewa wanda ya rikice ba tsawa yake bukata ba, a rage masa ƙara a zauna kusa da shi. Kunya ta hana ni ɗaga kai, don haka ko fuskar dattijon ban riƙe ba, balle in tambayi sunansa ko in yi godiya. In akwai wanda ya san shi ko iyalinsa, ina roƙo a sanar da ni. Ina so in ji yadda ɗan nasa ya ƙare, ko shi ma ya samu wurin da aka bar masa kayansa yadda ya ajiye.